Kan Kifin da Muka Ajiye wa Baƙo

A kowane zamani Allah yakan tashi wani bawa ya ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfin tsararrakinsa. Shekaru da dama baya, ina ɗalibi a Makka, nawa nauyin shi ne ceto Bahar Maliya. Makamina kwamfutar aro.

Abokina ne ya jawo ni. Haifaffen unguwar Rusaifa ta Makka ne, Hausarsa rabi Larabci. Kawunsa da wasu dattawa masunta ne a gaɓar Shu'aiba, iyalansu kuma a Makka. Kifi ya ja baya, 'ya'yansu sun fara barin jirage suna neman aikin sharar Arfa. Sai aka ji wata gidauniya na ba da tallafi ga masuntan da za su kare tekunsu da kansu. In an samu, za a sauya koma da injina, dattawan su ci gaba da sana'arsu.

"Ya Ustaz, kai ne mai alƙalami," in ji abokina. "Rubuta mana abin da zai sa su kuka."

Na rubuta. Na gina takardar gaba ɗaya a kan wani kifi da ke neman ƙarewa, ana ce masa tarabani. Shafi uku na ba shi. Na kira shi amanar kakanni, na rantse cewa masuntanmu sun haramta wa kansu kama shi. Ban taɓa ganinsa ba, kuma ban karanta wa kawu takardar ba, don a ganina adabi ya fi ƙarfin masunci.

Gidauniyar ta turo wani Dakta, masanin halittun teku. Ya ce zai yi umara, daga nan ya biyo ya gan mu. Kawu ya ce wallahi baƙo irin wannan ba zai ci kazar kanti ba.

Ranar da ya zo aka shimfiɗa ledar cin abinci, mahaifiyar abokina ta aiko da tire na shinkafa da kifi. Na ci, na yaba, har na yi ɗan jawabi a kan albarkar teku. Sannan kawu ya shigo da wani faranti a rufe, ya durƙusa ya ajiye gaban Dakta, domin a wajensu kan kifi na babban baƙo ne.

"Tafaddal, Dakta."

Dakta ya buɗe. Ƙaton kai ne, da tozo a goshi, da leɓɓa kamar na mai fushi. Lomar da ke hannunsa ta tsaya a hanya.

"Ya ammi, wane kifi ne wannan?" ya tambayi kawu.

"Tarabani!" in ji kawu, yana washe baki. "Kwana huɗu muna farautarsa saboda kai. Yanzu babu su, wallahi babu. Wannan ma da ƙyar."

Ban san sanda na ce innalillahi da ƙarfi ba. Dakta ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ustaz, ba kai ne ka rubuta takardar ba?" Na ce ni ne. A lokacin akwai ƙayar tarabanin a bakina, na rasa inda zan tofar.

Kawu ya ga Dakta bai taɓa kan kifin ba, ya taɓa abokina. "Kai, gishiri ne bai ji ba?"

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo, mai ladabi ƙwarai. Ba mu samu tallafin ba. Kafin shekara ta zagayo kawu ya sayar da jirginsa. Da na je ba shi haƙuri, ya ce, "Da ka faɗa mini, ɗana, ai da rago na yanka."

Wannan magana ta fi wasiƙar ciwo. Na gane cewa na yi wa mutane alkawari da bakinsu ba tare da na tambaye su ba, kuma tun daga nan ba na rubuta wa kowa takarda sai na karanta masa ita, layi-layi.

Ban sake cin kifi mai daɗin wannan tarabanin ba.