Kawu Hamadu da Jan Maɓallinsa

Duk Garuwa ban san wani da ya ɗinka wa maɓalli hula ba in ba Kawu Hamadu ba. Ku da kuka shiga tsohuwar akori-kurarsa, wadda yake kira Dattijuwa, kun ga hular nan: 'yar mitsitsiya, ta fata, tana rufe da wani jan maɓalli a jikin sandar giya. Kafin ya tayar da mota sai ya cire ta da bisimilla, ya sa a aljihun gaba. In ya tsaya ya mayar. Shi kansa yakan manta da tasa hular a gida, amma ta maɓalli bai taɓa mantawa ba.

Maɓallin nan shi ke juya ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya, wanda makanikanmu ke kira pon. Na Dattijuwa gudu biyu gare shi. Ka danna maɓalli ƙasa, pon ya shiga ƙarama, mota ta yi ƙarfi ta ja kaya. Ka ja shi sama ya shiga babba, ta yi gudu. Sai dai ba ya shiga da garaje. Kawu ya taƙaita karatun a kalma uku: "Ja, ɗaga, jira." Ka ja maɓalli, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka jira ya shiga da kansa. Yakan ce wanda ya iya, ko sauro ba zai ji shigarsa ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, na zo wurinsa da permina, wato lasisin tuƙi, a aljihu, ina ganin na gama sanin mota. Abin da nake so a duniya shi ne ya yarda in taɓa maɓallin nan, don ya sha faɗa cewa gara Dattijuwa ta ruɓe a ƙofar gida da ya bar wa wanda bai iya jira ba.

Ni kuwa na ɓata rawata da tsalle. Wata Juma'a ya riga ni tafiya masallaci, na ga makulli a jikin mota. Na ce bari in zaga unguwa sau ɗaya. Na ja maɓalli, na ɗaga ƙafa, jiran ne ban yi ba. Pon ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Bayan salla Kawu ya dawo yana jan carbi, bai ko dube ni ba.

"Sani, liman na gaishe ka."

"Ni, Kawu?"

"Kai fa. Yana tsakiyar huɗuba ya ji ka."

Daga ranar in ya ba ni tuƙi, hular tana nan a kan maɓalli. Shekara tara ina tuƙa Dattijuwa a ƙarama. Masu keke na wuce ni suna ɗaga mini hannu, abin yana ƙona mini rai ƙwarai.

Wata rana mun ɗauko shanun wani Alhaji daga Ngaundere, yana zaune tsakaninmu. Muka iso babbar gangarar dutsen nan ta hanyar Garuwa, Kawu na sauka a ƙarama, a hankali, seese-seese kamar yadda Fulani ke faɗa. Alhaji sai duba agogo yake.

"Malam Hamadu, mahauta na jirana. Ja ɗan jan abin nan mana!"

Kawu ya ce, "Alhaji, a gangara ba a taɓa shi. In ya tsaya tsakani, ba babba ba ƙarama, ba abin da zai riƙe motar nan."

"To sai me?"

"Sai mu isa da wuri. Amma mahauta ba za su bambance namanka da na shanunka ba."

Alhaji ya mayar da agogonsa aljihu, ya ciro carbi.

Karatun nan bai tsaya a mota ba. Da na gaya masa na ga yarinya a Marwa, a unguwar Domayo, ina son a je tambaya makon nan, sai ya ɗaga yatsu uku. Matarsa, Inna Dija, ta leƙo daga madafa.

"Kada ka bi ta tasa, Sani. Shi da ya zo nemana ya ja, ya ɗaga, ya jira shekara huɗu. Saura kaɗan wani mai shago ya wuce shi a hanya."

Kawu ya ce, "Amma da ya shiga, kin ji ƙara?"

Ta fashe da dariya.

A shekararsa ta ƙarshe ƙafafunsa suka kumbura, ba ya iya taka birki ko totur, amma bai daina bin mota ba. Wata safiya mun ɗauko auduga, mun haye gadar Binuwai, hanya ta miƙe. Sai na ga hannunsa ya zo ya cire hular, ya sa a aljihu, ya juya yana kallon gonaki kamar ba shi ba. Na gane nufinsa. Na ja. Na ɗaga. Na jira, jiran da ya fi shekara taran nan tsawo. Sannan na taka, Dattijuwa ta miƙe da gudu.

Muka yi nisa yana ta kallon gonaki. Na kasa haƙuri.

"Kawu, yaya?"

"Yaya me? Ni ban ji komai ba."

Wallahi ba a taɓa yaba mini da abin da ya kai wannan daɗi ba.

Da muka dawo gida ya ce in danna maɓalli ƙasa kafin in kashe mota. Haka yake yi kullum, wai a aje ta a ƙarama don mai tayar da ita gobe ya tashi da sauƙi. Bai mayar da hular ba. Ba a daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Bayan addu'ar uku Inna Dija ta miƙo mini hular a ƙulle cikin hankici, ta ce shi ya ce a ba ni.

Allah ya jiƙan Kawu Hamadu. Ya saukar da kayan mutane lafiya a kowace gangara. Ya Allah ka saukar da shi a hankali, ka sa tashinsa gobe kiyama ya zo da sauƙi. Amin.