Ungozomar Da Ta Ce Cikin Ba Nata Ba Ne

Wata rana cikin daminar bara, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce in raka ta neman wurin awo.

Bari in kira ta Barira, ko da yake ba sunanta ke nan ba.

Ba su fi shekara guda da tarewa a unguwarmu nan Malumfashi ba. 'Yarta ɗaya, mai shekara tara. Cikin da take ɗauke da shi ya shiga wata na biyar, amma ko sau ɗaya ba ta je awo ba.

Ni kuwa kun san halina. Malamar makaranta ce ni, ga baki, ga son a ce na iya. Nan take na yafa mayafi na ɗauki aikin kamar an ba ni muƙami.

Kwana biyu muna yawo, asibiti uku muka shiga. Ni ce mai dubawa: akwai fanka? Bayan gida da tsabta? Nas tana sakin fuska? Na ukun har da talabijin a wurin jira. Na ce wa Barira, shi ke nan, mun samu.

Duk inda muka je tambayar ɗaya ce.

"Haihuwa nawa?"

Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗaya."

"An taɓa samun matsala?"

"A'a."

A rubuta a takarda, a ce ta dawo ranar awo.

Muna dawowa gida uwar mijinta, Hajiya, ta ce ba za a yanki kati ko'ina ba sai Gwaggo Tasalla ta taɓa cikin. Gwaggo Tasalla tsohuwar ungozoma ce, rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a zuciyata, ga shi nan, za a ɗura wa baiwar Allah jiƙe-jiƙe. Na bi su ne kawai don in yi faɗa. Har maganganun da zan yaɓa wa tsohuwar na jera tun a hanya.

Da hantsi muka same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. 'Yar ƙaramar tsohuwa, ido ɗaya ya fara hazo.

Ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta shimfiɗa tabarma a ɗaki, ta kwantar da Barira. Ta ɗora tafin hannu a kan cikin, tana lalubawa a hankali.

Can ta ce, "'Yar nan, babbar 'yarki shekararta nawa?"

"Tara, Gwaggo."

"To, waɗanda suka koma fa, su nawa ne?"



Hajiya ta yi sauri ta ce, "Haba Gwaggo, ai ba a yi musu suna ba. Ba ma lissafa su."

Gwaggo ba ta ko waiwaye ta ba. Ta ce, "Ku ne ba ku lissafa su, Hajiya. Cikin nan ya lissafa."

Sai Barira ta fashe da kuka.

Ni da nake ganin na san ta ciki da waje, a ranar na ji abin da ban taɓa ji ba.

Bayan 'yarta ta fari ta haifi namiji a garin da suka baro. Kwana biyu shawara ta kama shi, jikinsa ya koma ruwan ɗorawa, har farin idonsa. Ranar kwana na biyar ya koma. Na bayansa ya zo a kumbure, ko kuka bai yi ba.

Tun daga nan dangi suka rufe maganar, don kada a riƙa nuna ta ana cewa mai wabi ce, wadda 'ya'yanta ba sa zama. Aka ce mata ko an tambaye ta, ta ce ɗaya. Shi ya sa ma take tsoron awo.

Gwaggo ta rufe mata cikin da zane, ta gyara zama.

"Wannan cikin ba nawa ba ne," in ji ta. "Kuma ba na kowane asibiti ba ne. Ku nemi inda za su gwada jinin uwa, suna da jini a ajiye, suna da ɗakin jarirai mai fitila. Ku tambaya tun daga bakin ƙofa. In babu, kada ku zauna ko kujerar ta zinariya ce."

Hajiya ta ce, "Ko ɗan jiƙo ba za ki ba ta ba?"

"Da jiƙo yana maganin wannan, da ni zan fara sani."

Jama'a, maganganun da na jero a hanya duk suka tashi a banza. Ni mai takardu na yi kwana biyu ina duba fanka. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta faɗi abin da za a tambaya cikin numfashi ɗaya.

Ba ta tsaya nan ba.

Washegari da sassafe muka tarar da Gwaggo a tasha da 'yar jakarta. Ta ce za ta bi mu babban asibiti a Zariya. Na ce, "Gwaggo, da kin huta, ai ina nan." Ta kalle ni ta ce, "Malama, kina nan aka ce ɗaya har sau uku."

Gaskiya kuwa ta faɗa.

Da muka shiga wurin likita, wata mace mai sanyin murya, ta yi tambayar da aka saba. Barira ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta ɗora hannu a kan gwiwarta kawai.

Barira ta ɗago ta ce, "Uku, likita. Ɗaya ce a raye."

Likitar ta ajiye biro ta jawo kujerarta kusa.

Aka ɗebi jini. Sakamako ya nuna jinin Barira ba ya jituwa da na jariran da take ɗauka, jikinta yana yaƙar jininsu tun suna ciki. Likitar ta ce da an ci gaba da rubuta "ɗaya, babu matsala", da wuya wani ya san irin idon da cikin yake buƙata.

Daga nan duk mako biyu Barira tana hanyar Zariya, ana awo, ana hoton ciki. Mijinta ya koma kamar direban haya. Da cikin ya cika wata takwas likitoci suka ce ba za a jira naƙuda ba, suka ciro shi.

Namiji ne. Shi ma shawarar ta taso masa kamar ɗan'uwansa, amma wannan karon ana jiran ta. Aka canza masa jini, ya yi kwanaki ƙarƙashin fitila da ido a rufe.

Yanzu haka da nake rubutun nan yana rarrafe a tsakar gidana, ya zubar mini da garin tuwo.

Bayan an sallamo su na je gidan Gwaggo ni kaɗai. Na durƙusa na gaishe ta yadda ban yi ba ranar farko. Na ce, "Gwaggo, don Allah wa ya koya miki wannan?"



"Shekara talatin ke nan," in ji ta, "aka kawo mini irin wannan cikin. Jikina ya ba ni ya fi ƙarfina. Amma a lokacin sunana ya fara fita, na ji kunyar a ce Tasalla ta kasa. Na riƙe shi, jaririn bai zauna ba."

Ta share ido da gefen zane.

"Uwar tana nan a bayan masallacin Juma'a. Kullum ta gan ni sai ta durƙusa ta gaishe ni. Har yau ban iya haɗa ido da ita ba."

Na matsa na riƙe hannunta.

Darasi:

'Yar'uwa, in kin je awo ki faɗi duka, har da ɓarin da aka ce ki manta da shi, da jaririn da ba a yi wa suna ba. Ki tambayi abin da wurin zai iya yi miki in abu ya rikice. Wanda kuma ya ce miki "wannan ya fi ƙarfina, je wurin wane", ki riƙe shi da kyau, yana son ranki.

Ki tura wa wata mai juna biyu da kika sani. Wataƙila ita ma an ce mata ta ce ɗaya.