Ramin da ke gonar mahaifina

Shekarun baya, ina kasuwar Shanono ina cinikin taki, sai mai injin haƙa ya kira ni a waya. Ya ce sakamakon duwatsun da suka zaro daga gonarmu ya dawo daga wurin gwaji, kuma zinariyar da ke ciki ba ta kai a sha wahala a kanta ba. Shawararsa a tsaya haka. Ni kuwa har na riga na zaɓi launin babur ɗin da zan saya.

Mu da wasu maƙwabta muka haɗa hannu aka kawo injin, bayan an ga 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli a rafin da ke gefen gonar. Da na kai labari gida, maƙwabtan suka ce sun haƙura. Mahaifina ya ƙi. Tsohon mai haƙar rijiya ne, yawancin rijiyoyin ƙauyenmu aikin hannunsa ne, kuma bai taɓa barin rami bai tarar da ruwa ba.

Mai injin ya zo har zaure ya yi masa bayani. Ya ce kowane taku na zurfi biya ake yi, a samu ko a rasa, kuma dutse ba ya yin damshi balle ya nuna maka ka kusa. Mahaifina ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Yaro, rami ba ya ƙarya. Mai haƙa ne ke gajiya."

Ya sayar da shanun huɗarmu, aka ƙara zurfi. Abin da aka gani da farko shi aka sake gani.

Da damina ta sauka, kowa ya gama huɗa sai mu. Mahaifina ya tafi aron shanu wurin wani mutum da ya taɓa haƙa wa rijiya kyauta, ina biye da shi riƙe da igiya. Mutumin ya ba mu, amma sai da ya yi dariya a gaban jama'a ya ce, "Baba, ai na ɗauka tarakta za ku aiko mana bana." Mahaifina ya yi murmushi, ya yi godiya. Ni na rasa inda zan sa idona. Har muka isa gona ban ɗaga kai ba, shi ma bai waiwayo ba.

Bai sake zancen ramin ba. Ya rufe bakin ramin da kwano, ya ɗora dutse, kamar yadda yake yi wa rijiyar da zai koma kanta gobe. Ba a jima ba Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu idan wani ya zo mini da zancen haƙa, nakan tambaye shi da me zai yi huɗa idan ba a samu ba. Amma ban taɓa iya ba da misali da gidanmu ba, bakina nauyi yake yi.

Yayyena sun ce in cike ramin a raba gonar. Na ce to. Har yau ban ɗaga kwanon ba.