Ƙyallen Tebur a Kan Dutsen Sildvika

Duk wanda ya yi zaman Sildvika ya san Oddrun da ƙyallenta. Ba wata fitacciyar mace ba ce. Shekara talatin da huɗu ta yi tana feɗe kifi a masana'antar bakin gaɓar teku, har yatsunta suka lanƙwashe, ko littafin waƙa ta riƙe a coci sai ka ce wuƙa ce a hannunta. 'Ya ɗaya ta haifa, Sissel, wadda tana gama makaranta ta tafi Bergen ta ce ta gaji da ƙarnin kifi. Oddrun ba ta da yawan magana, amma in ta yi maka guda ɗaya sai ka wuni kana sosa wurin.

Mijinta Torleif bakanike ne a jirgin ruwan gaɓa, wannan da ke tashi daga Bergen ya bi tasha-tasha har Kirkenes ya juyo, ɗauke da wasiƙu da kaya da fasinjoji. Kwana ashirin da biyu yake yi a ruwa, ashirin da biyu a gida. Jirgin ba ya tsayawa a Sildvika, ƙauyen bai kai ba. In za shi arewa yakan wuce ta bayan Tsibirin Tumaki wajen ƙarfe goma na safe, dawowa kuwa mutane na barci yake yi. Zuwa da dawowa kwana goma sha ɗaya ne, saboda haka a kowace fita sau biyu kacal Torleif ke wuce ƙofar gidansa da rana.

Ɗaga wa jirgi ƙyalle ba baƙon abu ba ne a gaɓar nan. Duk matar da mijinta ke aikin jirgi ta taɓa yi, wata da zanen gado, wata da tawul. Shekara biyu ko uku ake yi, in yara suka zo aka gaji sai a bari. Oddrun ce ba ta bari ba. Ranar wucewarsa, goma saura kwata za ta ajiye wuƙa, ko shugaban aiki bai isa ya ɗaga ido ba, ta haye baƙin dutsen da ke bayan gidansu da takalmin robarta. Da ta hango bakin bututun hayaƙi yana tafiya ta saman tsibirin sai ta warware ƙyallen tebur ta yi ta kaɗawa har ya ɓace. Ruwan sama ne, ƙanƙara ce, iskar da ke kwashe rufi ce, duk ɗaya ne a wurinta. Da cikin Sissel wata takwas ma sai da ta hau.

Ƙyallen guda huɗu ne: fari, ja, rawaya, da shuɗi mai gida-gida. Ba ta faɗa wa kowa wanda za ta ɗauka. In Torleif ya dawo hutu, kafin ya cire hula, kafin ya tambayi lafiyar kowa, a bakin ƙofa zai tsaya ya ce, “Shuɗi, sannan ja.” Ita kuwa ba za ta juyo daga murhu ba, sai dai ta ce wa tukunya, “To, cire takalmin, kada ka ɓata mini ƙasa.” Iyakar soyayyarsu da aka taɓa gani a fili ke nan. Shekara talatin da ɗaya, ko sau ɗaya bai kuskure ba.

Abu biyu ne ke ci mata tuwo a ƙwarya game da mutumin nan. Na farko ƙanwarsa Gunvor, mai kantin da ke bakin mashigi, wadda ba ta taɓa aure ba, kuma bakinta bai taɓa hutawa ba. In ƙaramin kwale-kwale ya sauke Torleif, ba gida yake fara nufa ba, sai ya shiga kantin Gunvor ya yi minti biyar. Oddrun tana kallo ta taga, abinci na hucewa. Ta sha cewa ita dai mace ce mai uwar miji biyu, ɗaya a kabari, ɗaya a bayan kanta. Gunvor kuwa har furfura ta rufe musu kai ba ta daina ce mata “amarya” ba, kuma in ta ga ta sauko daga dutsen a jiƙe sai ta leƙo ta ce, “Amarya, an gama shanyar ke nan?”

Na biyun ya fi ciwo. Torleif bai taɓa yarda ta hau jirgin ba. Matan abokan aikinsa duk sun je sun dawo suna ba da labari. Ita in ta tayar da zancen sai ya ce ruwa ne da dutse, me za ta gani da babu a tagarta? Wata shekara ya ce a bari Sissel ta girma, wata shekara rufi ne ke yoyo, da ya yi ritaya kuma ya ce ko hoton jirgi ba ya son gani. A ranta ta yanke cewa kunyar nuna ta yake ji, mace mai lanƙwasassun yatsu da ƙarnin da sabulu bai fitarwa. Ba ta taɓa faɗa ba. Ta haɗiye, ya zauna mata a ƙirji.

Torleif ya rasu cikin hunturu, a kan kujera, jarida a cinyarsa. Aka binne shi a bayan coci, aka sha gahawa, mutane suka watse. Oddrun ta yi wata bakwai tana dafa dankalin mutum biyu tana zubar da rabi. Rannan ta buga wa Sissel waya ta ce ta nema mata ɗaki a jirgin gaɓa, daga Bergen zuwa Bodø, kuma lalle a ɓangaren dama, wanda ke kallon tudu. Sissel ta ce watan Satumba ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, me zai hana a jira bazara? Uwar ta ce ita cikin ruwan aka haife ta, kuma mai shekara saba'in da shida ba ya yi wa bazara alkawari. Abu ɗaya take so. Tana so ta tsaya inda Torleif ke tsayawa, ta ga abin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana gani.

Shiri ta yi kamar mai ƙaura. Ta saƙa safar ulu biyu sababbi, ta shafa wa takalminta mai, ta ɗauko rigar ruwan Torleif ta naɗe hannun sau uku. Ta sa aka rubuta mata sunayen tashoshin da manyan baƙaƙe ta manna a jikin firji. Saura mai ɗaga ƙyalle, kuma duk ƙauyen mutum ɗaya ce ta rage da za a iya roƙa. Ta ninke ƙyallayen huɗu ta sa a jaka ta gangara gidan Gunvor, wadda ta daɗe da rufe kanti amma tana zaune a samansa.

Gunvor ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta saba ba. Sannan ta ce tafiyar wahala ce, ga amai, ga sanyi, ga baƙi masu ɗaukar hoton kowace akuya.

“Amarya, ki bar kaza cikin gashinta. Mutum ya tafi, me kuma za ki je tonowa a ruwa?”

“Hawa za ki yi ko in nemi wani?”

“Da wannan gwiwar?”

“Gwiwar da ta kai ki jana'izar kowa a gundumar nan ba za ta gaza dutse ɗaya ba. Ki zaɓi launin da kika ga dama, kada ki faɗa mini. Ni zan faɗa miki.”

Gunvor ta karɓi jakar. Oddrun ta ɗauka ta ci nasara ne, ta hau gida tana jin daɗi.

Gaskiya ta ji daɗin tafiyar, har ta riƙa jin kunyar kanta. Tun daga Bergen ruwa ya sako, bai ɗauke ba kwana uku, amma wa ya damu? A rayuwarta ba a taɓa gyara mata gado ba sai a nan. Ta ci kifin da ba ita ta feɗe ba, ko da yake sai da ta juya shi da cokali ta ce wanda ya yanka wannan korarsa ya kamata a yi. Ta sha gahawa da fanke da jan cuku a bakin babbar taga, tana kallon duwatsu suna fitowa daga hazo suna komawa, ruwa na gangarowa daga kansu fari fat kamar an kwance zare. A kowace tasha tana fita ta ga ana sauke buhunan dankali da tayoyin mota. A tebur aka haɗa ta da wata Bajamushiya mai madubin hangen nesa a wuya, ba mai jin yaren wata, amma suka yi ta hira da hannu, har Oddrun ta nuna mata yadda ake cire ƙaya ba a ɓata tsoka ba. Ta roƙi wata ma'aikaciya ta nuna mata ƙofar ɗakin inji. Aka buɗe mata ta leƙa: matakala ce mai zurfi, zafi da ƙara na tasowa, babu taga ko ɗaya. Ta lissafa a ranta hawa nawa Torleif ke yi don ya fito ya gan ta, sai tausayinsa ya kama ta, ta yafe masa rabin laifinsa nan take.

Rana ta huɗu tun ƙarfe tara ta hau can saman jirgin, inda babu sauran bene sai bututun hayaƙi a kanta. Kamar da gangan, ruwan ya ɗauke. Hazo ya yaye, rana ta fito, iska ta wanke sararin tas, har tumakin da ke kan tsibiri ana iya ƙirgawa. Ta gane ƙahon dutsen da ke bayan ƙauyensu. Ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu.

Jirgi ya shiga bayan Tsibirin Tumaki. Ta duba, ta ga tsibiri. Ta matsa gaba, tsibiri. Ta ruga baya tana tuntuɓe da rigar da ta fi ƙarfinta, tsibiri dai, ciyawa da baƙin dutse da tumaki suna kiwo. Bajamushiyar ta ga halin da take ciki ta cire madubin ta miƙa mata. Ta cikinsa ta samu tsinin cocinsu, ɗan mitsitsi, ya leƙo ta wata tsaga ya ɓace. Babu masana'anta, babu gida, babu dutsen. Ta ɗaga kai ta dubi bututun hayaƙin da ke can sama da ita, wanda shi kaɗai take hange duk shekarun nan, sai a sannan ta tuna cewa ba a tsayawa a kan bututu. Ita ta ɗauka wanda kake gani yana ganinka. Da suka fito daga bayan tsibirin gaɓa ta riga ta lanƙwasa, Sildvika ta koma baya.

Wayar da ke aljihun rigar ta yi ƙara. Gunvor ce, tana haki, iska na kaɗa maganarta.

“Amarya, kin gani?”

“Na gani,” in ji Oddrun.

Yanzu ne ya kamata ta faɗi launin, su biyun sun san haka. Sai Gunvor ta rage murya, irin ragewar da mai kanti ke yi in akwai mutane a gaban kanta, ta ce, “Ja ne.”

Yadda kalmar ta fito a sauƙaƙe, kamar bakin ya saba, shi ya gaya wa Oddrun komai. Minti biyar ɗin nan na kanti. Tagar kantin da ke kallon dutsen. Ta zauna a kan wani akwatin rigunan ceto.

Gunvor ba ta jira tambaya ba. Ta ce a bayan kalanda take rubutawa, kowace wucewa da launinta, in Torleif ya shigo kanti ta faɗa masa. Ta ce shekarar farko babu inda bai hau ba a jirgin nan, har sai da aka yi masa faɗa, bai ga komai ba. Ya zo kanti ya zauna a kan buhun gari kamar wanda aka yi wa mutuwa. Ita ta ce masa ya faɗa wa matarsa gaskiya mana, yarinya ta huta da shan ruwan sama.

“Ya ce in ya faɗa miki za ki daina hawa. Ya ce shi kuma yana can ƙasa cikin mai da ƙara, in agogo ya buga goma ya san kina kan dutsen. In aka raba shi da wannan, bai san abin da zai yi da ƙarfe goma ba.”

Oddrun ta dubi hannayenta. Ashe ba su ne ya ɓoye ba. Shekara da shekaru tana riƙe da shi a kan laifin da bai yi ba, ga shi yanzu babu wanda za a ce wa yi haƙuri. Wannan ya fi mata ciwo a kan ƙaryar. Ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza, Bajamushiyar ta juya baya tana kallon ruwa don ta ba ta wuri.

Can ta share fuska da hannun rigar Torleif ta mayar da wayar kunne. Gunvor na nan, ana jin numfashinta.

“Kina kan dutsen har yanzu?”

“Ina zan je? Hawa na iya, saukowa sai an zo da mutane.”

“Ɗaga kuma.”

“Jirgin ya wuce, Oddrun.”

Tun da aka kawo ta Sildvika, ranar ce ta fara jin sunanta a bakin matar nan.

“Na sani. Ɗaga dai.”

Ta ji motsin ƙyalle a cikin wayar, yana faɗa da iska. Ta miƙe ta koma bakin ƙarfen, ta kwance ɗankwalinta. Ruwan ya fara dawowa, sauran fasinjoji suna shigewa ciki neman gahawa. Ita ta tsaya tana kaɗa ɗankwali ga bayan wani tsibiri, har tumakin suka daina ganuwa.