Tarin da Aka Ce Gado Ne

A kasuwar Wad Haddad ta ƙasar Sudan, kusa da matsayar raksha, wato keke mai ƙafa uku, wani dattijo yana tsugune gaban mai maganin homiyofati, wani irin magani da ba na asibiti ba. Jallabiyarsa ta yi masa yawa, da gani an ɗinka ta yana da jiki. Ƙafafunsa duk faso, irin na mai wuni cikin ruwa yana shayar da auduga. In tari ya taso masa sai ya tofa a bakin rawaninsa, ya naɗe wurin da sauri. Na ga jinin.

Mai maganin yana kaɗa 'yar kwalba mai ƙwayoyi farare kamar gero. Ya ce daga ƙwayar cutar tarin fuka aka yi su, an yi ta sirka ta da ruwa. "Ciwon nan ba ɗauka ka yi ba, ya Hajji. Saiwarsa tana cikin jininku tun kakanni."

Raina ya ɓaci. Asibitin birnin Madani ya kamaci bawan Allahn nan, yau ba gobe ba. Shi kuwa ya ƙura wa ƙasa ido, wataƙila yana tuna kakansa da ya tako daga Sakkwato.

"Ke nan ɗiyata Sharifa, da ita ma take wannan tarin," ya ce a hankali, "ni na ba ta shi tun ba ta zo duniya ba?"

Mai maganin ya gyaɗa kai.

Dattijon ya miƙa hannu biyu. "To ba ni nata. Ni a bar ni haka."