Wasiƙar da Ba Ta da Gaisuwa

Na shiga jami'a ina da shekara talatin da takwas, da mata da 'ya'ya huɗu da sito biyu na ƙaro a Gomari. Ba neman aikin gwamnati ne ya kai ni ba. Ƙaron da nake tarowa daga ƙauyukan arewacin Borno, wasu dillalai ne a Legas suke karɓa su miƙa wa masu saye a ƙasashen waje, kuma na duba na duba ban ga abin da suka fi ni da shi ba sai iya rubuta wasiƙa da Turanci. Na ce in dai wasiƙa ce, zan koya.

Karatun Asabar da Lahadi nake yi. Lokacin an hana babur a gari, sai in shiga keke daga Gomari in ratsa Maiduguri gaba ɗaya, shinge bayan shinge, wani wurin a sauke mu mu wuce da ƙafa hannu a sama. A shekara ta uku muka kai ga darasin da ya kawo ni, Turancin kasuwanci na manyan aji: wasiƙa, rahoto, da yadda ake ciniki a rubuce.

Malamarmu 'yar kudancin Borno ce, gajera, ba ta rabuwa da jan biro. Wasiƙata ta farko ta ɗaga ta a gaban aji, shafin farko duk ta soke shi.

"Alhaji, wannan wasiƙa ce ko ziyarar surukai? Ya gida, ya yara, ya gajiya, ya damina. Mutumin nan yana Indiya, ina ya san daminarka?"

Na ce, "Malama, ai ba a yi wa mutum zancen kaya kafin a ji ko ya kwana lafiya."

"In bai kwana lafiya ba, kai ne likitansa?"

Aji ya fashe da dariya, har da ni. Ta koya mana tsarinta: layin farko ka faɗi abin da ya kawo ka, ka ba da dalili kada ya wuce uku, ka faɗi abin da kake so a yi da ranar da za a yi shi, ka sa hannu. In an ƙi, ka yi godiya, kada ka matsa, ka bar mutum mako biyu sannan ka sake tuntuɓarsa. Kuma gaskiya abin ya ci. Kafin zangon ya ƙare wani kamfani ya amsa mini kai tsaye, ba dillali a tsakani. Na ɗauki tsarin nan kamar sabon ma'auni, komai sai na ɗora shi a kai.

Mutumin da ya koya mini sana'ar ƙaro wani tsoho ne Babarbare, a wani ƙauye mai tafiyar wuni guda a mota daga Maiduguri. Baba nake ce masa. Ina saurayi ina dakon buhu a kasuwarsu ya jawo ni jikinsa, ya nuna mini yadda ake ɗaga ƙaro a duba shi a hasken rana, yadda ake raba na itacen dakwara da wanda aka cakuɗa. Shi ya fara gabatar da ni ga masu tsinta. Gaisawa da Baba aiki ne. Sai ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, kuna tafa hannu a hankali, kuna gaisuwarsu ta wushe wushe, ya tambayi gidanka mutum ɗaya ɗaya, kai ma ka tambayi nasa, har ka zo kan ƙafarsa ta hagu da ta daɗe tana damunsa. Sai an gama wannan, an sha shayi, sannan zance ya fito.

A shekarar da aka yanke layin waya, labarin da ke zuwa daga yankinsu ya yi muni. An ƙona wani ƙauye kusa da su, masu tsintar ƙaro sun daina shiga daji. Na san dole in fito da Baba da matarsa tsohuwa da 'yarsu kafin hanya ta rufe. Na sa aka gyara ɗaki biyu a bayan gidana, aka yi shafe, na sayi katifu. Ba waya, saƙo sai ta hannun direban da ke zuwa can duk ranar kasuwa, wani Shuwa da muka daɗe muna aiki tare.

Na zauna na rubuta wasiƙar da ajami, don shi Baba yake karantawa. Da Hausa na rubuta, amma tsarin na Malama ne. Har yau ina iya karanto ta da ka. Baba, ina so ka taso da iyali zuwa Maiduguri. Hanya tana lalacewa, ciniki ya tsaya, ƙafarka tana buƙatar asibiti. Na gyara muku ɗaki. Mota za ta dawo ranar kasuwa mai zuwa, ku kasance a shirye. Sai sunana.

Matata ta sa na karanta mata. Ta ce, "Shi ke nan? Ko tsohuwa ba ka gaisar ba."

Na ce mata yanzu ba lokacin gaisuwa ba ne, so nake ya gane abin da gaggawa. Har cikin raina ina ganin ban taɓa rubuta wasiƙa mai tsabta kamarta ba.

Direban ya dawo bayan kwana biyu, ya same ni a bakin sito. Tun da na shiga jami'a Farfesa yake kirana.

"Farfesa, na kai takardarka."

"Me ya ce?"

"Ya karanta. Sai ya juya ta ya duba bayanta. Ya ga ba komai, ya sake juyowa." Ya tsaya yana kallona. "Wai me ka rubuta ne haka? Takardar asibiti ma ta fi ta tsawo."

"Na ce me ya ce?"

"Ya ce a gaishe ka, a gaida mai ɗakinka, a gaida yaran, ya kira su da sunansu duka. Ya ce suna lafiya, ba ya so ya takura wa kowa."

"To ya ƙi ke nan."

"Kai dai shigo gaban mota ranar kasuwa mu je ka durƙusa masa. Tsoho ne fa, ba kamfani ba."

Na ce ina da jarrabawa ranar Asabar ɗin, kuma ba kyau a matsa wa mutum. Zan bar shi mako biyu in sake rubutawa.

Wannan ne abin da na kasa yafe wa kaina. Ni dillali ne. Tun ina saurayi na san in ka taya mai kaya ya ce albarka, ciniki bai mutu ba, yanzu ma aka fara. Kuma na san mutanenmu. Dattijo kamar Baba ba ya tattara iyalinsa ya shiga gidan yaron da ya raina da hannunsa don an kira shi sau ɗaya. Zai ƙi, a sake roƙonsa, ya sake ƙi, a je da ƙafa ko a tura babba, sannan ya ce to, tun da kun matsa. Ta haka yake sanin ba nauyi zai zama ba. Duk na san wannan. Na ajiye shi gefe na bi abin da ke cikin littafina.

Na rubuta jarrabawa. Ranar kasuwa ta farko direba ya tafi ba saƙona. Ta biyu ma haka. Wasiƙa ta biyu na rubuta ta a kan kari, ranar da mako biyu ya cika, ita ma gajera, sai dai na ƙara gaisuwa layi ɗaya. Direban ya karɓa ya sa a aljihu. Da azahar ya dawo mini da ita. An tare su a hanya an ce ba mota da za ta ƙara wucewa.

Wata huɗu ban ji komai ba. Na bi sansanonin 'yan gudun hijira ɗaya bayan ɗaya, na bi gidajen 'yan yankinsu a unguwannin Yerwa da Galtimari ina tambaya. A cikin watannin ne sakamako ya fito, na fi kowa maki a darasin. Malama ta ce za ta riƙa nuna wa 'yan baya wasiƙuna. Na yi mata godiya. Ba laifinta ba ne, ita wasiƙar Indiya ta koya mini.

Wata ranar Talata da hantsi tsohuwa da 'yarta suka iso ƙofar gidana, ƙafafunsu duk sun tsage. An shiga ƙauyen, kowa ya fita da ƙafa. Baba ya yi kwana biyu yana jan ƙafar nan, a na uku ya zauna a gindin wata ƙaya ya ce su je. Wasu da suka biyo baya ne suka binne shi.

Bayan sun huta, 'yar ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini wasiƙata ta farko, ta yi laushi don ninki.

Ta ce, "Yaya, ranar da ta zo ya sa muka ɗaure kaya. Ya ce za ka sake aikowa, ko ka zo da kanka. Duk ranar kasuwa sai ya sa babbar rigarsa ya zauna a bakin hanya. In direba ya sauko ya gaishe shi, sai ya ce, ɗana bai ba ka komai ba?"

Na ninke takardar na sa a aljihu.

Na gama jami'a. Yanzu ni nake rubuta wa masu saye da kaina, gajerun wasiƙu, kuma suna amsawa. Tsohuwa tana nan a ɗakin da na gyara. Kowace safiya kafin in fita sito nakan durƙusa a ƙofarta in gaishe ta, in tambayi kwananta da jikinta da 'yarta, ba na gaggawa. Tana amsawa duka. Ɗaya ɗakin, mai katifar da na saya wa Baba, matata ta taɓa cewa mu zuba buhuna a ciki tun da sito ya cika. Na ce a bar shi tukuna.