Tangaran a Ƙafar Motar Yaya

Ni ce autar gidanmu a zangon Yendi, kuma a lokacin da abin nan ya faru ba ni da wata sana'a sai ba mutane dariya. Idan akuya ta shigo tsakar gida ta ci garin masara, kafin labarin ya kai bakin famfo na mai da ita saniya mai ƙaho huɗu. Idan malaminmu na lissafi ya yi tuntuɓe, ni ce zan rantse ya tashi sama har ya gaisa da shaho kafin ya sauko. Mma, mahaifiyarmu, takan ce bakina ne ya fara fitowa duniya, ungozoma ta zauna jiran sauran jikina. Tun rasuwar Baba ni kaɗai ke iya sa ta dariya har ta riƙe ciki, shi ya sa ba a taɓa tsawata mini da gaske ba. Na rubuto muku ne saboda akwai wata dariya da na nema na samu, kuma har yau gidanmu bai gama biyan ta ba.

Babban wanmu, wanda muke kira Yaya, fatauci yake yi a Bawku, albasa da shanu, yau yana wannan gefen iyaka gobe yana wancan. Ba ya shan taba, ba ya yawon banza, cutarsa ɗaya ce, gudu. Ya sayo wata jar mota ta hanyar Lome, mai kujera biyu, gajera ƙwarai har kaza sai ta durƙusa kafin ta leƙa ƙarƙashinta. Titunanmu ba su yi mata ba, don haka goya ta ake yi a bayan babbar motarsa ta albasa, ta iso duk inda za ta tana warin miya. Shi da abokansa sukan haɗu a wani tsohon fili mai kwalta a wajen Salaga, su jera tsofaffin tayoyi su fitar da hanya mai kwana da yawa, su yi ta zagayawa ana duba wanda ya fi sauri. Mma ba ta son abin, amma ta saba. Addu'a take yi masa ta kawar da kai.

Wata ranar Laraba ya biyo ta gida a kan hanyarsa ta zuwa Salaga. Aka sauke motar a ƙofar gida, ya cire ƙafa ɗaya yana dubawa, ni kuma na tsuguna a kansa kamar an aiko ni. Sai na ga faifan birkin ba ya ƙyalli irin na ƙarfe. Toka-toka ne, da wasu siraran layuka a jikinsa kamar tsagewar ƙasa. Yaya yana son a tambaye shi game da motar nan, nan take ya buɗe mini karatu. Ya ce sunan faifan kabon siramik, ba shi da nauyi, kuma duk yadda ka taka shi a ƙarshen doguwar hanya ba ya gajiya da zafi. Layukan da na gani haka ake yin sa, ba lahani ba ne. Matsalarsa ɗaya, ba ya shiri da tsakuwa, filin Salaga kuwa tsakuwa ce gefe da gefe, idan ta ɓantare shi samun wani sai an sha wahala. Saboda haka shi kansa ya yanke shawarar komawa na ƙarfe, wanda ya fi nauyi kuma ya fi saurin cinyewa, amma yana haƙuri da dutse kuma ana samun sa. Ya riga ya yi odar cikakken saiti, faifai da takalman da ke matse shi, domin kowane faifai da irin takalminsa, kuma sabon ƙarfe sai an bi shi a hankali ya saba kafin a ba shi amana. Kayan sai bayan Sallah za su iso. Wannan karon da na jikin motar zai yi gudu.

Duk wannan bayani ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Abin da na tambaya kawai shi ne mene ne siramik da Hausa. Ya yi dariya ya ce mafi kusa dai tangaran, amma ba irin na kabad ɗin Mma ba. Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba, na riga na samu abin da nake so.

A tsakar gida Mma na zaune da maƙwabta suna tsintar wake. Bayanta, ta ƙofar ɗaki, ana hango kabad ɗinta mai gilashi cike da farantan tangaran na aurenta, waɗanda ba a taɓa cin ko ƙosai a cikinsu ba. Ɗaya ya taɓa fashewa don cokali ya faɗo masa, sai da ta yi mako ba ta cin abinci da daɗi. Na tsaya a tsakiya na ɗaura ɗankwali a ƙugu na ce su taya mu murna, Yaya ya cire birkin motarsa ya sa farantan tangaran. Na ce idan ya taka sai ka ji kwas, sai ya sauka ya share gutsattsarin da tsintsiya ya sa wani. Na ce akwai kofunan shayi a bayan motar saboda ko-ta-kwana, kuma Mma ta riƙa kulle kabad ɗinta kafin ya gama da kayan aurenta. Matan suka yi ta dariya, wata har ta zubar da wakenta. Ban lura da cewa mutum ɗaya ba ta yi dariya ba.

Mma ta aika aka kira Yaya. Ta ce ya gaya mata tsakaninsa da Allah, abin da ke tsayar da motar nan tangaran ne ko ba tangaran ba. Yaya bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ya ce a suna dai haka ne, amma, sai ta ɗaga masa hannu. Ta juyo gare ni ta tambaya ko na gani da idona. A nan ne ya kamata in ce na ƙara gishiri. Amma matan suna kallona suna jiran ci gaba, ni kuma ban iya barin fage ana tafi ba. Na ce na gani, har ma ya fara tsattsagewa. Na san abin da layukan suke, minti kaɗan kafin nan aka gaya mini.

Sai Mma ta faɗi maganar da ba a tsallakewa a gidanmu. Ta ce gudu dai Babansa ma ya kasa hana shi, ita ba za ta gwada ba, amma idan ya sake hawa motar nan da tangaran a ƙafarta, ba da yawunta ba, kuma ba ta yafe nonon da ya sha ba. Yaya ya durƙusa yana bayani. Ya nuna mata hotuna a waya, ya ce da wannan ake yin manyan tsere a ƙasashen waje. Ta ce ta san tangaran tun kafin a san za a haife shi, ba yaro ne zai koya mata abin da ke fashewa ba. Ya dube ni ya ce auta, ki gyara maganarki mana. Na murguɗa masa baki na ce ni 'yar rahoto ce kawai. Matan suka sake fashewa da dariya.

Da ya haƙura da zuwa Salaga, da yau ba ku karanta wannan ba. Amma ya yi wa abokansa alkawari, kuma akwai wani da ya daɗe yana yi masa gori. Ya nemi wani fita, wato makanike, a cikin gari, suka samo faya-fayan ƙarfe na wata babbar mota da ta yi haɗari, aka kai aka sassaƙe su har suka shiga. Takalman da suka dace ba a samu ba, aka bar na da, waɗanda aka yi domin siramik. Shi kansa fitan ya ce aikin bai kwanta masa ba. Lokacin bin sabon ƙarfe a hankali kuwa babu shi. Kafin a ɗaura, Yaya ya kawo faifai ɗaya ya ɗora wa Mma a cinya. Ta ji nauyinsa, ta ƙwanƙwasa shi da ludayi ya yi ƙara, sai fuskarta ta saki ta sa masa albarka. Tsofaffin kuwa ta ce a kawo mata, ta tura su ƙarƙashin gadonta don kada ya mayar a hanya. Da zai tafi ya ja mini kunne ya ce zai sayo mini kwaɗo a kasuwar Salaga, wanda ake kulle rumbun doya da shi, ko bakina zai samu hutu.

Ban je filin ba, abokinsa ne ya ba mu labari daga baya. Ya ce zagayen farko lafiya lau. Da rana ta take, aka fara ganin hayaƙi daga ƙafafun gaba, kuma motar tana rawa duk lokacin da ya zo kwana. Abokansa sun ɗaga masa hannu ya tsaya, ya nuna musu saura zagaye ɗaya. A ƙarshen doguwar hanyar ya taka, motar ba ta saurare shi ba. Ta ratsa tayoyin da aka jera, ta tsallake rami, ta haɗu da wata kaɗanya. A bayan keken ɗaukar doya aka kai shi asibiti, daga can aka wuce da shi Tamale. Mma tana kan sallayar la'asar wayar ta shigo, ni na ɗauka. Karon farko ke nan a rayuwata da aka ba ni labari na rasa yadda zan faɗe shi.

Yaya ya rayu, alhamdu lillahi, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukar sa ba. Yanzu yana ɗakin Baba, a keken guragu, harkar Bawku kuma ta koma hannun wasu. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Yakan ce shi ne ya san gaskiyar abin kuma ya hau, maganar Mma ta hana shi tangaran ne, ba ta tilasta masa gudu ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bayan Sallah kayan da ya yi oda suka iso a kwali, sabbi fil, faifai da takalmansu. Suna nan a zaure, ba wanda ya buɗe.

Ranar da kwalin ya iso, Mma ta shiga ɗaki ta jawo faifai ɗaya daga ƙarƙashin gado. Ta ajiye shi a tsakar gida, ta ɗauko taɓarya ta buga masa. Bai fashe ba. Ta sake bugawa, ta sake, har ɗankwalinta ya faɗi, abin yana nan yadda yake. Sai ta zauna a ƙasa kusa da shi, hawaye na zuba ba sauti. Da ta ɗago, tambaya ɗaya ta yi mini, ta ce auta, ranar nan kin san ba irin nawa ba ne? Na ce na sani. Ba ta dake ni ba, ba ta yi mini baki ba. Ta tashi ta mayar da taɓaryar wurinta. Amma tun daga ranar, ko cewa na yi ana ruwa a waje, sai ta tashi ta leƙa da kanta.

'Yan'uwana masu bakin ba da dariya, ban ce ku daina ba, ni ma na kasa dainawa gaba ɗaya. Abin da na koya shi ne, idan kana ba da labari kowa na dariya, ka nemi fuskar da ba ta dariya, domin ita ce ta yarda da kai. Mma ba wasa ta ji ba, ɗanta ta gani a kan faranti. Ku kuma masu son gudu, Yaya ya ce in gaya muku ba ƙarfe ne ya kayar da shi ba, kuma siramik ba tsafi ba ne. Kowanne ka zaɓa, ka sa shi cikakke da takalminsa, ka ba shi lokaci, kada ka canza birki ana gobe tsere don ka faranta wa wani. Idan aka hana ka wanda ka yarda da shi, ka ajiye motar, filin ba zai gudu ba.

Kowace Juma'a ni ke tura Yaya zuwa ƙofar masallaci kafin samari su karɓe shi. Akwai ɗan gangare a wurin, dole sai na danne birkin kekensa, wani ɗan ƙarfe ne a gefen ƙafar. Duk lokacin da na sunkuya sai ya ce in duba da kyau, kada ya zama tangaran ne. Yana so in yi dariya. Ina ƙoƙari, saboda shi. Sai dai nakan daɗe a sunkuye ina taɓa ƙarfen, har sai idona ya bushe, sannan in ɗago.